Sharaɗin Kwana Sittin

"Ranar Asabar iyayen Injiniya za su zo neman aurenki," Baba ya ce. "Na faɗa miki ne don ki sani, ba shawararki nake nema ba."

Ina durƙushe a gabansa da tiren shayi, ko ajiyewa ban yi ba. Umma ce ta miƙo hannu ta karɓe tiren.

"Baba, ai saura kwana goma sha bakwai."

"Kwana goma sha bakwai na me?"

"Na sharaɗin da ka sa wa Dogo. Yau kwana arba'in da uku bai sha maganinsa ba. Wallahi ko sau ɗaya bai sha ba."

Baba ya zare gilashinsa ya ɗora a gwiwa. Tsohon hedimasta ne, shekara talatin yana hukunta masu makara, kuma duk ɗan gidanmu ya san in ya zare gilashin nan an gama da kai.

Dogo shi ne wanda nake so, shekara biyu ke nan. Gashin burodi yake yi a gidan burodin bayan tashar mota, daga tara na dare zuwa biyar na asuba. A gidanmu ba mai kiransa da komai sai Mai Burodi, da wata irin murya kamar sana'ar laifi ce, alhali kullum da safe burodin nasa suke ci har da neman ƙari.

Gaskiyarsa ce ta ja masa. Ranar da ya fara zuwa gaida Baba, ba wanda ya tambaye shi, ya buɗe baki ya ce bayan rasuwar mahaifiyarsa ciwon damuwa ya taɓa kwantar da shi mako biyu a asibitin ƙwaƙwalwa, kuma har yanzu yana shan ƙwaya ɗaya kafin ya kwanta. Baba ya ce namijin da sai ya haɗiyi ƙwaya zai yi barci ba zai riƙe masa 'ya ba. Wata biyar ina kuka kafin ya sassauta, ya ce to, Dogo ya yi kwana sittin ba ƙwaya ba zuwa asibiti, in ya tsaya da ƙafarsa sai ya turo manyansa.

Ni na kai masa saƙon, da gudu, bakina har kunne. Na tuna ya sosa ƙeya, ya ce likita ya hana shi dainawa sai da saninsa. Na ɓata rai na ce, "Wata biyu ne fa kawai, Dogo. Wata biyu ba za ka iya yi min ba?" Ya dube ni, ya ce zai iya.

"Jiya da rana na gan shi," in ji Baba. "Yana tsaye a tsakiyar titi, motoci na ta danna masa ham. Ido ja wur, riga a juye. Sau biyu na yi masa magana, kallona yake kamar bai taɓa ganina ba. Da ƙwayar da babu ƙwayar duk ɗaya ne, Auta. Ba zan jira kwana goma sha bakwai in ga abin da na riga na gani ba."

"Gajiya ce, Baba! Barci ne ba ya samu, kuma saboda ni ne. Ko ka san…"

"Tashi ki ba ni wuri."

Na dubi Umma. Ta sunkuyar da kai tana goge bakin kofin da ba abin da ya same shi. Na tashi, kuka ya riga ni zuwa ƙofa.

Gwaggo na zaune a kan gadona ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwa. Yayar Baba ce, ta zo mana mako guda ganin likitan ƙashi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya, rabinsu aikin dare, kuma har yau kallon kowa take kamar ya ɓoye mata zazzaɓi.

"Ki rufe ƙofa in za ki yi kuka," ta ce. "Ƙanin nan nawa jin kuka ƙara masa taurin kai yake."

Na faɗa kusa da ita. A raina na ce ga wadda za ta iya da Baba, in dai na jawo ta ɓangarena. Na zaro wayata na buɗe saƙonnin Dogo na danƙa mata.

"Gwaggo, ki duba da idonki. Ki faɗa min in Injiniya zai taɓa sona haka. Shi ƙarfe tara yake turo min 'sai da safe', ya kashe waya ya yi ta munshari. Dogo kuwa ko runtsawa ba ya iya yi saboda tunanina. Dubi wannan, ƙarfe uku na dare. Dubi wannan, uku da rabi."

Ba zan ɓoye ba, alfahari nake yi da saƙonnin nan. A shagon ɗinkin da nake aiki, wayata na gefen keke tana ta zuzz, abokan aikina suna tsokanata wai na sa ɗan mutane ya zama mujiya. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Gwaggo ta goge hannu, ta sa gilashi, ta fara ja da yatsa. Na zuba mata ido ina jiran ta yi murmushi a kan kalaman. Ko ɗaya ba ta karanta ba. Gefe take kallo, inda ƙananan lambobin lokaci suke.

"Ƙarfe nawa yake tashi daga aiki?"

"Biyar na asuba."

"To da safe ya kamata ya kwanta ke nan. Miƙo min biro da takarda."

Na yago mata bayan littafin awon kaya. Ta ja layi, ta shiga rubuta lokuta a jere, rana bayan rana, yadda suke cika katin da ake ratayawa a ƙafar gadon mara lafiya. Shida da kwata. Bakwai da rabi. Tara saura. Goma. Sha ɗaya da minti ashirin. Ɗaya. Biyu da rabi. Tana rubutu bakinta na motsi, ni kuma ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya.

"Gwaggo, me kike nema ne?"

"Rami nake nema. Inda ya yi awa huɗu ko biyar bai taɓa waya ba." Ta juya takardar. "Makon farko akwai. Na biyu ya ragu. Daga nan…" Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashi. "Auta, kwana goma sha tara ke nan yaron nan bai yi awa biyu a jere idonsa a rufe ba."

"Ai shi na ce miki. So ne."

"So na hana barci dare ɗaya, dare biyu, ni ma na yi ƙuruciya. Wannan ciwo ne ya dawo. Wa ya ce ya daina shan maganinsa?"

Na kawar da kai gefe. Ta gane, ba ta ƙara tambaya ba, ta ja yatsa zuwa saƙon ƙarshe. Na ƙarfe huɗu ne na yammacin ranar. Wannan kam ta karanta, a fili, a hankali.

"Auta, na gode da komai. Ba ki taɓa yi min laifi ba, in ma kin yi na yafe. Ki bi maganar Baba, shi ya fi mu gani. Kar ki damu da ni, na samu mafita, yau zan huta."

"Kin ga halinsa ko?" na ce, hawaye na zuba. "Har ya haƙura saboda kar in saɓa wa Baba. Wa zai…"

"Bayan wannan ya sake turo wani?"

"A'a."

"Yanzu ƙarfe nawa?"

"Takwas saura."

"Mutumin da ba ya iya awa biyu bai turo ba, yau ya yi kusan huɗu." Ta sauko da ƙafarta ƙasa, gwiwar ta yi ƙara, ko a jikinta. "Kira shi."

Na kira. A kashe. Na sake kira, a kashe. Na uku ma a kashe.

"Ƙila barcin ne ya zo masa," na ce, amma muryar ba tawa ba ce.

"Allah ya sa. In barci ne, mu tashe shi ya zage mu, na yarda. Ɗauko mayafinki." Ta kama kafaɗata ta miƙe. "Na sha ganin irin natsuwar nan a ɗakin marasa lafiya. Mutum ya yi makonni yana birgima, rana ɗaya ka ga ya yi fes yana yi wa kowa godiya. Ranar ce ba ma barin shi shi kaɗai ko na minti biyar."

Sai a lokacin maganar ta shige ni. Na nemi takalmina na rasa alhali yana ƙafata.

Baba na falo inda na bar shi. Yana ganinmu da mayafai ya miƙe.

"Ina za ku?"

"Wajen yaron nan," Gwaggo ta ce. "Ran mutum za mu je nema."

"Yaya, kar ki shiga maganar nan. Wasan yara ne, so yake ya ɗaga mata hankali don ya ji Asabar ta matso. In Auta ta taka ƙofar nan…"

"Hedimasta, ni na goya ka. Ajiye bulalarka sai mun dawo. Ka hana mara lafiya maganinsa kamar kana hana ɗalibi tauna cingam, ko likita ɗaya ka tambaya?"

"Ni ban ce ya kashe kansa ba! Cewa na yi ya nuna min shi namiji ne."

"To ya nuna maka, kwana arba'in da uku. Matsa."

Ana haka aka yi sallama. Injiniya ne, ɗan aminin Baba, ƙarfe takwas daidai kamar kullum, da ledar tuffa a hannu da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Mutumin kirki ne, wannan ban taɓa musu ba. Kirkin nasa ne ma ke ba ni haushi, don ya hana ni samun abin da zan kafa hujja da shi.

"Kai ne Injiniyan?" Gwaggo ta ce. "Motarka da mai?"

"A cike take, Gwaggo."

"To Allah ne ya kawo ka. Juya ta."

Ya dubi Baba, ya dube ni, ya ajiye ledar a kan kujera ya fita. Na bi bayan Gwaggo. Baba ya kira ni sau ɗaya da muryar da ban taɓa ƙin amsawa ba tun da aka haife ni. Ban waiwaya ba.

Sai da muka hau babban titi Injiniya ya tambayi inda za mu. Na ce gidan burodin bayan tasha. Na ga idonsa a madubi.

"Wajen mai burodin za mu?"

"Eh."

Ya mayar da ido kan titi. Na ɗauka zai tsaya ya sauke mu. Sai na ji ya ƙara wuta. Kowace danja muka tarar ja ce, ni kuma ina ta danna lambar Dogo, matar nan ta cikin waya tana ta maimaita min magana ɗaya har na ji kamar in jefar da wayar ta taga.

Zafin gidan burodin ya dake mu tun daga ƙofa. Injin cuɗa fulawa na ta ƙugi, faranti jere a kan katako. Maigidan ya fito daga baya, hannayensa fari fat har gwiwar hannu.

"Dogo? Ai yau ya ɗauki hutu. Shekara huɗu yana nan bai taɓa nema ba sai yau."

"Yaya yake kwanakin nan?" Gwaggo ta tambaya.

"Himma kam sai dai a ce madalla. Mako biyu ke nan yana haɗa aikin dare da na rana, wai tun da barcin ba ya zuwa gara ya yi aiki. Na ce kai, aure ya sa yaro ya zage damtse." Ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya tsuke baki. "Sai dai makon nan sau uku yana ƙona mana gashi. Mutumin da ko agogo ba ya dubawa, da hanci yake sanin burodi ya yi. Shekaranjiya na same shi tsaye gaban murhu, hayaƙi na tashi, shi yana kallon bango."

"Yau da safe fa?"

"Yau kam garau. Ya wanke rigar aikinsa ya rataye. Ya ɗauki alli ya rubuta mana lokutan gashi a bango, ga shi can, wai don kar mu sha wahala in ba ya nan. Ya bi kowa ya ba shi hannu." Maigidan ya tsaya, ya dubi rubutun allin, ya sake dubanmu. "Hajiya, lafiya dai ko?"

Ban tsaya jin amsar Gwaggo ba, na riga na kai mota.

Ɗakin hayarsa na ƙarshen wani dogon soro, bayan famfo. Sau ɗaya na taɓa zuwa, da rana, na tsaya daga waje. Ba haske ta ƙarƙashin ƙofar. Takalmansa biyu na nan a jere a bakin ƙofa, an goge su.

Na buga. Shiru. Na buga da hannu biyu.

"Dogo! Dogo, ni ce!"

Shiru. Injiniya ya ja baya yana auna ƙofar da kafaɗa, Gwaggo ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta kara kunne a jikin katakon.

Sai muka ji motsi, kamar an ja ƙafa a kan tabarma.

"Auta?" Muryar ta fito a shaƙe, can ƙasa, daf da ƙofar. "Me ya kawo ki? Baba zai yi faɗa."

Na zauna daɓas a ƙasa na jingina goshina da ƙofar.

"Buɗe min."

"Ki koma gida. Ba na so ki gan ni haka."

Gwaggo ta dafa bango ta zauna kusa da ni da gwiwar tata mai ciwo. Ta kawo bakinta kunnena. "Tambaye shi kai tsaye. Kar ki yi kwana-kwana."

"Gwaggo, ba zan iya ba. In na sa masa abin a rai fa?"

"Ba ke za ki sa masa ba. In yana nan, yana nan, kuma shi kaɗai yake ɗauke da shi. Tambaye shi."

Na kai bakina jikin ƙofar.

"Dogo, don Allah ka faɗa min gaskiya, kai ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Tunanin kashe kanka kake yi?"

Famfon bayanmu na ɗiga. Wani gidan rediyo na magana a ɗakin maƙwabta. Na ƙirga ɗigon ruwan har goma sha ɗaya.

"Eh," ya ce.

Sai ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Na manna tafin hannuna a ƙofar ina yi tare da shi.

"Ba mutuwar nake so ba, Auta. So nake kan nan ya yi shiru. In kwanta jikina ya mutu da gajiya, amma kaina na ta juyawa kamar injin cuɗa fulawa, ba inda zan danna ya tsaya. Da na rufe ido sai ya fara: kai ba kowa ba ne, kai nauyi ne, za ka lalata mata rayuwa. Da rana ma haka. Shi ya sa nake ta turo miki saƙo, in na ga kin amsa sai ya lafa na minti goma."

"Ni kuwa ina ta murna," na ce. "Ina nuna wa mutane. Wayyo Allah, Dogo, ina nuna wa mutane!"

"Jiya sai da Baba ya wuce na gane shi ne. Na san na faɗi. Na zauna na duba ta ko'ina. In na koma asibiti, kwana arba'in da uku sun tafi a banza, na rasa ki. In ban koma ba, ba zan kai sittin ba, na rasa ki. To me ya rage? Gara in matsa ki huta."

"In huta? Wa ya ce maka zan huta? Ka san abin da za ka bar min?"

"Za ki manta. Injiniya mutumin kirki ne."

Injiniya na tsaye taku uku daga inda nake, makullin mota a hannu. Na san yana ji. Ban iya na tausasa komai saboda shi ba.

"Ka saurare ni. Ni na roƙe ka ka daina shan maganin nan. Ka faɗa min likita ya hana, na ɓata rai, ka bi ni. Laifina ne, ba naka ba. To ni ɗin ce yau nake roƙonka ka koma. Na janye, Dogo. Ba na son kwana sittin ɗin, ba na son ko kwana ɗaya a ƙara."

"Baba zai bayar da ke."

"Ya bayar! Zan yi kuka, zan yi rigima, zan ƙi cin abinci, duk abin da na iya zan yi. In na ci nasara, to. In ban ci ba, in ji ana cewa ga Dogo can yana gashin burodinsa, ya yi ƙiba, ya auri wata. Wallahi zan ji zafi, amma zan iya ɗauka. Wancan ne ba zan iya ba. Ka ji ni? Ba zan iya ba!"

Na ji yana jan numfashi ta bayan ƙofar.

"Ɗana," Gwaggo ta ce, muryarta a kwance kamar tana tambayar farashin albasa. "Ni gwaggon Auta ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Abin da kanka ke faɗa maka, rashin barci da ciwo ne ke magana, na ji shi a bakin mutane da yawa, kuma na gan su bayan sun samu barci suna mamakin kansu. Ba na ce ka yanke shawarar komai yau ba. Buɗe kawai, gwiwata ba za ta iya zaman simintin nan ba."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na ji ya dafa ƙofar ya miƙe. Sakata ta yi ƙara.

Da ban san shi ba ne da ban gane shi ba. Wuyansa ya zama siriri, idanun sun faɗa ciki, leɓensa a bushe. Bayansa ɗakin a share tas, kaya a ninke a kan katifa. Gwaggo ta raɓa shi ta shiga, ta kunna fitilar wayarta ta dudduba, ta ɗauke wani abu daga kan tebur ta ƙunshe a mayafinta. Ban tambaye ta ko mene ne ba, har yau.

Dogo ya yi taku biyu ya yi tangaɗi. Injiniya ne ya tare shi. Ya ɗora hannun Dogo a kafaɗarsa, ya riƙe ƙugunsa, suka bi soron a hankali, farar rigar Injiniya na kwasar gumi.

"Yi a hankali, ɗan'uwa," na ji yana cewa. "Akwai tudu a nan."

A asibiti wata likita muka samu, matashiya, da alama ita ma ta kwana biyu ba ta ga gadonta ba. Ta shiga da Dogo ciki, ta daɗe, sannan ta kira mu. Gwaggo ta miƙa mata takardar nan ta bayan littafin awo. Likitar ta bi layukan da biro, ta ɗago.

"Wa ya ce ya daina maganin lokaci ɗaya?"

"Ni ce," na ce.

Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce irin maganin nan ba a yanke shi haka, kuma a wajen masu ciwon damuwa in barci ya ɗauke kwana da kwanaki, alama ce da ba a jira da ita. Ta ce za su riƙe shi, za a sa mai zama kusa da shi, kuma kwanakin farko sai an yi haƙuri. Ta ce mun zo a kan lokaci, ta faɗa sau biyu tana kallona.

Aka ba shi gado na ƙarshe kusa da taga. Na nemi Injiniya in yi masa godiya, aka ce ya fita da mota. Ban ga laifinsa ba. Wata ma'aikaciya ta kawo ƙwaya a ɗan ƙaramin kofi, ta zuba masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallon ƙwayar, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kwana arba'in da uku, Auta."

"Na sani."

Na tsiyaya ruwa a kofi na kai masa baki, na riƙe har ya haɗiye.

Barcin bai zo da wuri ba. Ya juya dama, ya juya hagu, ya tashi zaune, ya koma. Sau biyu yana buɗe ido a firgice yana nemana, ina cewa ina nan. Gwaggo na kan kujera ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Can na ga yatsunsa da suka damƙe zanen gado sun saki ɗaya bayan ɗaya. Bakinsa ya ɗan buɗe. Numfashin ya yi tsawo, ya yi nauyi, har da ɗan munshari. Na toshe bakina da mayafi don kar kukana ya fito.

Takun takalmi na ji a baranda, takun da na sani tun ina rarrafe. Na juya. Baba ne tsaye a bakin ƙofa, hularsa a karkace, Injiniya na bayansa ya sunkuyar da kai. Ashe gida ya koma ya ɗauko shi. Ko don ya gani ya tausaya ne, ko don ya gani ya gama yanke hukunci, ban sani ba.

Na tashi na tare shi kafin ya ƙaraso gadon. Ya dubi Dogo ta saman kaina, ya dubi ƙaramin kofin da ke kan tebur, babu komai a ciki.

"Ya sha?"

"Ya sha, Baba. Ni na ba shi ruwan."

Baba ya kai hannu ya zare gilashinsa. Na ga ƙirjinsa ya cika, ya buɗe baki, kalmar farko ta fito da ƙarfin da ya sa mai gadon kusa ya motsa.

"Auta! Kin san abin da…"

Ban san lokacin da na ɗaga hannu a gaban fuskar mahaifina ba.

"Baba, duk abin da za ka yanke ka yanke, zan tsaya in ji. Amma don Allah ka rage murya. Barci yake yi."